Shekarar da Aka Ce Na Ci Likkafanina

Hadiza ce ta ja mini rubuta wannan babi. Ranar nan ta shigo da katin inshorar lafiyata a hannu, tana faɗa wai wata huɗu ke nan da ƙarewarsa ban sabunta ba, kuma ita ce za ta sake zuwa bin layi. Na ce mata ni lafiyata lau, don me zan biya kuɗin ciwon da bai zo ba. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba, kai da ka ci likkafaninka, kai ne za ka koya wa mutane tattali?" Da dariya ta faɗa, ni ma na yi dariya, amma bayan ta fita maganar ta ƙi barin ƙirjina. Ku 'ya'yana, na san tun kuna makaranta ake tsokanarku da 'ya'yan Ci-Likkafani. Na san Sani ya taɓa fasa wa wani baki a kan haka, don ni na biya kuɗin ɗinkin. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Abin da kuka ji a bakin mutanen unguwarmu Alabar rabinsa ne kawai, kuma rabin da ya fi daɗin ji. Ga sauran nan, ku karanta a tsanake.

A 1969 ina da shekara ashirin da tara, aikina ɗaure huhun goro da loda shi a mota. Mahaifina daga Dogon Dutsi ya zo, ni kuwa a nan Kumasi aka yanke mini cibiya, ban san wani gari ba. Mahaifiyarku Rabi tana soya fanke a ƙofar gida, wanda a nan muke ce wa bofurot, Sani yana goye a bayanta. Mu mutanen yankin Dogon Dutsi muna da wani akwatin ƙarfe da muke kira akwatin likkafani. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa zai jefa sule ɗaya. Idan ɗayanmu ya rasu, akwati zai fitar da sidi arba'in, kuɗin ƙasar nan: farin yadi, masu haƙa kabari, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Baƙo ba abin da yake tsoro kamar ya mutu a ƙasar mutane a rasa abin rufe shi, shi ya sa mutum zai kwana da yunwa amma ba zai tsallake sulen Juma'a ba. Ciwo kuwa ba wanda yake ajiye masa ko kwabo. Wani saurayi da ya yi aiki da Turawa ya taɓa kawo shawarar a yi akwati na biyu don asibiti, saura kaɗan dattawa su kore shi daga zauren. Suka ce mutuwa dole ce, tanadinta ibada ne, amma wanda ya ajiye wa ciwo kuɗi ya aika masa da goron gayyata.

Mai riƙe da akwatin shi ne Alhaji Mamman, babban dillalin goro, mutum mai amana har ta yi masa yawa. Mabuɗin a zariyar wandonsa yake ɗaure, kuma a shekara ashirin da wani abu bai taɓa buɗe akwatin nan ba sai ya ga gawa da idonsa. Wanda ya fi kowa daɗewa yana zubi kuwa Baba Sanda ne, wani tsoho siriri mai gadi a Suame Magazine, inda makanikai suke. Ba mata, ba ɗa, ba ɗan'uwa. Abin da yake da shi a duniya jana'izarsa ce, kuma yadda saurayi yake zancen bikin aurensa haka Baba Sanda yake zancenta. Ya riga ya zaɓi yadin a shagon wani mai atamfa a kasuwa, farin yadi mai kauri, duk wata sai ya je ya murza shi da yatsa ya tabbatar ba a canja samfuri ba. Ya ce rago za a yanka ranar uku, malamai bakwai za su yi sauka, kuma ya ambaci sunan mutum biyu da bai yarda a ba su nama ba. Idan aka binne wani, a hanyar dawowa daga maƙabarta sai ka ji yana cewa:

"Allah shi jiƙan shi, amma yadin nan shara-shara ne. Nawa ba haka za a yi ba."

A damunar shekarar na ɗaga wani huhu da ya fi ƙarfina, don ina so a ce na fi wani Bagurunshe, ɗan wata ƙabila ta arewacin ƙasar nan, da muke aiki tare. Na ji wani abu ya ɓalle a ƙasan cikina. Ƙaba ce, kuma ba zan yi muku dogon bayanin inda take fitowa ba, ni ubanku ne. Na fara da wanzami, ya yi mini ƙaho ya karɓi nasa. Na koma wajen wani mai magani a bakin tasha wanda kwalba ɗaya tasa take warkar da ciwo goma sha biyu, na sha kwalba uku, ta warkar da sha ɗayan da ba ni da su. Wata tsohuwa ta ba ni saiwa mai ɗacin da har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Da na tsaya na duba, kuɗin da na kashe ina gudun asibiti sun isa su kai ni rabin hanyar asibitin, ga ƙabar ta ƙara ƙiba kamar ita nake ciyarwa. Ranar da ta murɗe ni na faɗi a gaban mota ina birgima, aka ɗauke ni a kan amalanke zuwa wajen wani likita mai zaman kansa a Ashanti New Town.

Likitan Ba'asante ne mai tabarau, ba ya jin Hausa, sai wata nas ta riƙa yi mana tafinta da tata Hausar. Ya latsa, ya tura abin ya koma, ya wanke hannu ya yi magana.

"Dokta ya ce ciki naka ya yage," in ji nas ɗin. "Za ya ɗinke. Sidi sittin."

Ni ɗan kasuwar goro ne, sai na taya ashirin, ina jiran ya ce albarka mu fara ciniki kamar mutane. Ya dube ni ta saman tabarau. Nas ta lissafa mini: kuɗin gado kwana bakwai, kuɗin wuƙa, kuɗin maganin barci, zare da allurai.

"To Anti, ki ce masa gado a cire, zan zo da tabarmata. Zare kuwa matata tana da shi, mai ƙwari."

Ta faɗa masa. Na ga kafaɗarsa ta fara rawa.

"Maganin barcin ma a bar shi. Ina da shekara tara aka yi mini kaciya, ko uhum ban ce ba."

Nan likita ya cire tabarau ya yi dariya har da share hawaye, ya rage mini sidi biyar. Amma da ya gama dariyar ya sa nas ta faɗa mini sau biyu cewa ranar da hanjin ya maƙale ya ƙi komawa, kwana ɗaya ko biyu ne sai mutuwa, kuma kada in wuce mako uku ba a yi aikin ba. Na dawo gida da wannan. Rabi ta zazzage gwangwanin madarar da take ajiya a ciki, sidi goma sha biyar. Saura arba'in.

Muna cikin haka, ana tsakiyar azumi, sai gwamnati ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ku da kuka taso da katin ɗan ƙasa a aljihu ba za ku gane ba. Mu takardar da muka sani ita ce ta Alƙur'ani. Zango ya hargitse, mutane suna sayar da keken ɗinki a kuɗin kaza, kowa yana neman kuɗin mota, wa za ka je wa da zancen rance? Asibitin gwamnati ya fi sauƙi, amma jita-jita ta cika gari cewa duk inda ka shiga layi za a tambaye ka takarda. Ban san ko gaskiya ne ba, tsoro dai bai bar ni na gwada ba. Tafiya kuma ba ta yiwuwa, don kwana huɗu a bayan babbar mota da wannan ciki, a hanya za a sauke ni. Na zauna a tsakar gida na yi tagumi, Rabi tana kwaɓa fulawar buɗa-baki. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, in ka mutu gobe, nawa Alhaji za ya ba ni?"

"Subhanallahi! Rabi, da bakin azumi?"

"Tambaya na yi."

"Arba'in."

"Nawa ya rage mu cika wa Dokta?"

"Arba'in," na ce.

"To ai kuɗinka na nan," in ji ta. "Jira kawai suke ka mutu su ba ka. Je ka ce su ba ka yanzu, ka hutar da su haƙa rami."

Na yi mata faɗa sosai, na ce wannan magana ce ta marasa kunya. Ta bar ni na gama, ta ci gaba da kwaɓinta. Ranar Juma'a na sa babbar rigata na tafi zauren Alhaji.

Taron ranar na rabo ne. Mafi yawanmu za su tafi, akwati kuma ba zai bi su Dogon Dutsi ya binne su ba, dole Alhaji ya buɗe shi ba gawa a karo na farko. Ya kwance zariya ya buɗe. Aka ba kowane mai tafiya wani abu gwargwadon daɗewarsa. Da aka gama Alhaji ya leƙa ciki ya ce abin da ya rage na gawa ɗaya ne tak, a tsakanin mu shida da muka ce za mu zauna. Duk zauren ya juya ya dubi Baba Sanda. Shi kuwa ya gyara zaman hularsa kamar an ba shi sarauta, don tun farko ya ce ko soja za su zo ba inda za shi, ya riga ya ga wurin da yake so a maƙabarta. A wannan lokacin ne ni, da ban iya zaɓen lokaci ba, na miƙe na ce ina roƙon a ba ni kuɗin likkafanina tun ina da rai.

Nan take kowa ya fara magana a tare. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Hamidu, in na ba ka ka warke, wa akwati ya binne? Ba kowa. In kuma na ba ka ka mutu a ƙarƙashin wuƙa, da me za mu rufe ka? Ka ci sau biyu ke nan."

Kafin in amsa wani daga baya ya ce shi ma haƙorinsa yana damunsa tun bara, in haka ne a ba shi kwatan likkafaninsa. Wani ya ce matarsa tana da ciki.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Gawa ba ta yi mini ƙarya. In na gan ta na san ta mutu. Mai ciwo fa, ta ina zan shiga cikinsa in duba?"

Wallahi ko a lokacin na san maganarsa da gaskiya a ciki, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Amma wanda ya fi kowa zafi Baba Sanda ne. Ya dogara sandarsa ya tashi.

"Mi? Shekara ukku kag gama zubi za ka buɗe baki? Ni shekara ashirin da ukku nike zubawa, ko ciwon kai ban taɓa yi bisa kuɗin mutane ba! Yaran zamani ba ku da ta ido!"

Ashe Rabi tana waje da farantin fankenta, ta ji komai. Mace ba ta shiga zauren, amma ba dokar da ta hana murya shiga.

"Yoo, mun ji!" ta ɗaga murya. "In ya mutu ku zo ku ci shinkafa da wake na sadaka, ku ƙoshi paa, har wuya. Ni da yaron nan za mu zuba muku ruwan wanke hannu."

Na ga Baba Sanda ya leƙa ta ƙofa, ya dubi Sani da yake barci a bayanta da bakinsa buɗe, ya ja tsaki ya koma ya zauna. Na fito kunya kamar ta kashe ni kafin ƙabar ta samu dama.

Washegari da hantsi sai ga Alhaji Mamman a gidanmu da ƙunshi a babban hankici. Bai shiga ɗaki ba, a tsakar gida ya tsaya inda matan haya suke wanki, ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Dattawa sun sake shawara. Ga arba'in. Hamidu, ka ci likkafaninka. Daga yau akwati bai san ka ba, ranar da ka mutu ka nemi abin rufe kanka."

Kafin la'asar sunan ya zagaye Alabar. Ni ban damu ba, murna nake. Kuɗin duk sule-sule ne, nas ta ɓata rabin yini tana jera su a teburin likita tana zagina da yarensu na Twi. Bayan kwana biyu aka yi aikin, kuma ina shaida muku cewa da aka zo maganar maganin barci ban sake neman ragi ba. Kwanakin da wa'adin gwamnati ya cika ina kwance a gadon nan. Ta taga nake hango manyan motoci suna wucewa cike da mutane da ƙunshin kaya, a ciki har da waɗanda muka yi wasan ƙasa tare, ban yi sallama da ko ɗaya ba. Na yi kuka, ɗinkin yana ja, ga nas tana cewa in daina kada in ɓata aikin Dokta. Da na fito ƙurar ta lafa, daga baya na samu takarda. In kun ga kun taso a Kumasi, ƙaba ce ta riƙe ubanku.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Baba Sanda. Mutumin da ya zage ni a gaban jama'a, shi ne kullum da safe in ya tashi daga gadi sai ya tako tun daga Suame ya zo asibitin, da lemo biyu a aljihu. Ba ya ce mini sannu. Zai ɗaga rigata ya ƙura wa ɗinkin ido kamar yadda yake duba yadinsa a kasuwa.

"Wannan shi na aikin sidi arba'in?" ya tambayi nas. "Zaren ga bai da kauri."

"Papa, hamsin da biyar ne."

"Ni arba'in na sani."

Bayan an sallame ni abin ya ƙaru. In na fito zagaya unguwa yana bayana. Ya hana ni tari da ƙarfi. Ya je ya gaya wa Alhaji kada a kuskura a bar ni kusa da huhun goro sai bayan wata uku. Wata rana na ɗauki bokitin ruwa zan kai wa Rabi, sai ga shi ya ɓullo ban san daga ina ba, ya fizge bokitin a gaban matan gida duka, ya ɗauka da kansa yana tangaɗi.

"Cikin ga ba naka ne kai ɗai ba," ya ce.

Mata suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce masa, "Baba, kai da ka so in mutu don kada a taɓa maka akwati, ina ruwanka da cikina? Ka je ka ji da yadinka." Ya ajiye bokitin, ya dube ni, ya ce, "Lahiya lau," ya tafi. Wannan maganar tawa ita ce abin da na fi nadama a rayuwata, kuma na yi abubuwan nadama da dama. Ban kuma lura ba, sai daga baya, cewa tun ranar taron nan ba a sake jin Baba Sanda ya yi zancen rago ko malamai bakwai ba.

Saura 'yan kwanaki babbar salla, a farkon 1970, makanikai suka zo aiki da safe suka same shi zaune a bencinsa, sanda a kan gwiwa, ya cika. Da labari ya iso ni na tafi gidan Alhaji da saurin da ɗinki ya yarda. Na ce a buɗe akwati, ni da kaina zan je in yanko yadin mai kauri, kuma na san mutum biyun da ba za a ba nama ba. Alhaji ya tashi. Sannan ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya kwance zariya, ya buɗe ya turo mini. 'Yan sulalla ne a ƙasa, ba su rufe ƙarfen ba.

"Ina arba'in ɗin Baba?" na ce.

"Tana cikinka."

Ban gane ba, sai da ya maimaita.

"Ba wasu dattawa da suka sake shawara, Hamidu. Ranar taron, da kowa ya watse, ya dawo ya same ni. Ya ce in ba ka nasa. Na ce Sanda, shekara ashirin da uku fa. Ya ce shi ya ga yaron a bayan uwarsa. Ya sa na rantse zan ce naka ne, don in ka san nasa ne ba za ka karɓa ba, kuma shi ba ya so a ce ya yi laushi. Ya ce zai sake farawa daga sule ɗaya, wataƙila Allah ya ba shi lokaci." Ya nuna ƙasan akwatin da yatsa. "Juma'a goma sha ɗaya ya samu."

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai da Alhaji ya ce in tashi, gawa ba ta jira, azahar za a kai shi. Muka fita neman yadi. Mai shagon da Baba yake zuwa murza yadinsa yana cikin waɗanda suka tafi, ƙofar da kwaɗo. Sauran 'yan kasuwa ba mai ba baƙo bashi a wannan lokacin, don ba su san ko gobe yana gari ba. Alhaji kansa goronsa ya ruɓe a rumbu tun da masu saye suka watse, abin da ya haɗa da sulallan akwati masu haƙa kabari suka ɗauka. Na dawo gida hannu wofi rana ta take tsaka, na gaya wa Rabi komai. Ta shiga ɗaki ta fito da buhunan fulawa shida, na yadi irin na da, waɗanda ta farke ta wanke da sabulu da bula tana tarawa don ta yi mana zanen gado. Ita da matan gida suka zauna suka haɗa su. Liman ya juya su ya duba, ya ce fari ne kuma mai tsarki ne, ya wadatar.

Da muka naɗe shi, sai ga rubutun kamfanin fulawar bai gama fita ba. Shuɗin haruffa dishi-dishi a gefensa, zanen zangarniyar alkama daidai ƙirjinsa, har da lambar nauyin buhu. Na tuna yadda zai ce yadin nan shara-shara ne, dariya ta kuɓuce mini a gaban gawa, daga nan ta juye kukan da sai da aka fitar da ni waje. Mu tara ne muka yi masa salla. Sadakar uku farantin fanke ɗaya ne na mahaifiyarku, malami ɗaya ya yi addu'a, kuma mutum biyun da ya hana nama ko suna gari ba abin da za a hana su. Ni na ɗauki gaban makara tun daga Alabar. Shi ne abu mai nauyi na farko da na ɗaga bayan aikin, kuma ba wanda ya fizge.

Alhaji ya roƙe ni in bar maganar yadda mai ita ya so, na bari, sunan ya bi ni har ya bi ku. Daga baya shi da kansa ya kawo shawarar akwati na biyu, na asibiti. An yi ta rigima da masu ciwon haƙori, akwatin ya mutu ya tashi sau uku, amma ya kai mata da yawa ɗakin haihuwa. Farin yadin da kuke gani ina kai wa masallaci duk shekara kuna cewa Baba ya cika son a sani, na baƙin da suka rasu ba kowa ne, kuma mai kauri nake yankowa. Yanzu Alhaji ya tafi, Rabi ta tafi, ba wanda rantsuwar ta rage wa. Hadiza, kuɗin katin suna cikin aljihun rigata ta Juma'a, ki je ki sabunta, kin fi ni gaskiya.

Saura abu ɗaya, kuma ba shawara nake nema ba. A ƙasan akwatin mahaifiyarku, ƙarƙashin atamfofinta, akwai wasu buhunan fulawa shida a ninke. Tun shekarar da aka binne Baba Sanda muka ajiye su, ita ta wanke su da hannunta. Na san ku, ranar za ku so ku yanko yadi mafi tsada a kasuwa don mutane su ga Ci-Likkafani ya bar 'ya'ya. Ku yanko, ku kai masallaci a ajiye wa wani baƙo. Ni da buhunan za ku naɗe ni. Nawa farin yadin na riga na sa shi, shekara arba'in da wani abu ke nan ina yawo a cikinsa, kuma ba nawa ba ne.